Wanda Ya Ba Ni Tauraro Ɗaya

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka cire min koriyar alama ba, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don ni na jawo wa kaina da bakina.

Ni mai gyaran injin ban-ruwa ne a Gwaram. Muna da zaure a waya na manoman rani, tun daga Kwandiko har Sundimina. Duk wanda aka yi wa aiki sai ya tura wa shugaban zauren, Alhaji Isyaku, taurari a asirce, daga ɗaya zuwa biyar. Ran Juma'a ya fitar da jerin masu gyara. Mai koriyar alama shi ake kira aiki, wanda aka cire wa kuwa ya zauna korar ƙuda a rumfa. Ni rani biyu ban taɓa samun ƙasa da biyar ba. (Nakan ɗaure noti, in kama hanyar gida, in juyo in duba ko na ɗaure. Haka Allah ya yi ni.)

Ran nan ina fitowa daga masallaci na duba waya. Ba alama. Wai wani ya ba ni tauraro ɗaya. Ɗaya! Ni? Na kasa cin tuwo. Na lissafa duk injin da na taɓa a watan, ban ga laifina ba. Sai zuciyata ta ce Sule ne, wani mai gyara da ya buɗe rumfa kusa da tawa.

Na danna waya na yi magana ta minti huɗu a zaure. Na ce duk wanda ya yi min wannan munafuki ne, bai san darajar kansa ba, kuma da ganin aikinsa ba a ba shi tarbiyya a gida ba. Na ce in ya isa ya fito. Har da rantsuwa.

Ya kuwa fito. Saƙon murya ya shigo daga wayar Malam Garba mai taki, na kunna a gaban mutanen rumfa da ƙarfi, don kowa ya ji.

"Ni ne, ubanka. Injina sati uku yana zauren gidanka, kullum gobe, gobe. Tumatirina ya ƙone. Na tambayi Garba ko ana ba da rabin tauraro, ya ce babu. Zancen tarbiyya kuwa, ka zo gida ka koya min."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Injin Baba! Na ture shi bayan ƙofa, don a ganina na gida ba ya ba da taurari. Sule, wanda ko sunansa ban gama wankewa a raina ba, ya ce, "Maigida, in ara maka sifana ka kwance injin?"

Alhaji Isyaku ya ƙara min wata guda ba alama, saboda zagi. Ina ji ina gani aiki ya koma rumfar Sule. A ranar na gyara injin, na kai shi fadama a ka, na durƙusa. Baba ya tayar, ya saurari ƙararsa, ya ce, "Wannan tauraro uku ne. Sauran biyun sai tumatir ya tsiro."

Yanzu in an ba ni ƙaramin maki, kafin in buɗe baki sai na leƙa bayan ƙofarmu tukuna.