Yadda Na Kulle Burtalinmu a Salula

Da manoma da makiyayan garinmu suka sasanta kan burtali, ni aka damƙa wa hotunan duwatsun iyaka da muryoyin dattawan da suka shaida, saboda ni ne mai babbar salula. Na samo wata sabuwar manhaja a garin Magariya, na kwashe komai na zuba a ciki, na goge tsohon zauren da muke tura saƙo. Har doka na kafa cewa kada kowa ya ajiye kwafi. Ardo ya ce, “Malam, ɗakin nan naka ne ko haya ne?” Na yi masa dariyar mutumin da ya waye.

Ruwan farko na sauka, rigima ta tashi kan wani dutse. Na buɗe manhajar a gaban jama'a da ƙasaita, sai ta ce wa'adin amfani da ita kyauta ya ƙare. Ga hotunan ina hangowa, amma ba sa buɗuwa, ba sa turuwa ko'ina. Zufa ta jiƙe mini hula.

Ashe, Allah Ya yi musu albarka, babu wanda ya bi dokata. Tun ran kasuwar Dungas suka yi ta tura wa juna komai a rumfar caji. Salula ta fito daga kowane aljihu, aka ga hoton dutsen a wurinsa, aka yi musabaha.

Har yau in na zo tsallake burtali, sai Ardo ya ɗaga sanda ya ce, “Ku kora shanun da sauri, ga Mai Makulli nan!”