Hawayen Malamin Daji

Ba zan taɓa mantawa da ranar da hawaye suka zubo mini a zauren dagaci ba, gaban dattawa, gaban mutumin da na kama da hannuna. Amma bari in bi abin daki-daki, don ba na son labarin da aka faro daga tsakiya.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai aka tura ni wani ƙauye a ƙasar Kuyello, ina malamin daji. Aikina tsaron gandu: kada a sare ɗanyen itace, kada a sa wuta, kada a yi gona a cikin iyaka. Iyalina na baro su Zariya, don in damina ta sauka mota ba ta shiga garin. Aka ba ni ɗaki a bakin gari, da keke, da kaki.

Ina sauka na kafa wa kaina dokoki. Ta farko, ba na cin abincin kowa. Ta biyu, ba na zaman hira a dandali. Ta uku, in ina magana da mai laifi ba na ƙifta ido. Wannan ta ukun ni na ƙirƙiro ta (har gwaji nake yi a madubi), don na lura in ka kafe mutum da ido yakan fara in'ina, ya faɗi abin da ba ka tambaye shi ba. Ba ni da bindiga, dajin kuwa ba a ganin ƙarshensa. Kwarjini shi ne duk makamina. Ran da aka daina tsorona, ran nan gatura za su shiga gandu.

Dokokin sun yi aiki. Yara in sun hango kekena sai su watse. Mata masu ɗauko itace a kafaɗa su ratse cikin ciyawa. Da yamma in zauna ƙofar ɗakina da ɗan dafa-dukan da na girka, ina jiyo dariyar dandali daga nesa, ba mai cewa da ni sannu. Ina gaya wa kaina ai haka ake so.

A hankali idanuna suka soma damuna. Da fari kamar an zuba mini yashi. Sai yaji ya biyo baya, da ja. Da safe fatar idon ta manne, sai na sa yatsa. In na daɗe ina duban abu ya yi dishi-dishi, in na ƙifta ya washe. Abin da ya fi ɗaure mini kai, idon da nake ji a bushe ƙayau, in na hau keke iska ta buge shi sai ya dinga tsiyaya. Na yi magani bi da bi: kwalli, ruwan gishiri, sannan sabulun salo (wannan kada ka gwada). Ban gaya wa kowa ba. Wa ma zan gaya wa?

Cikin damina na kama Danladi. Masassaƙi ne, mai barkwanci, yawancin dariyar nan da nake jiyowa shi ke haddasa ta. Na tarar ya kayar da ƙatuwar ƙirya a cikin gandu, har ya fara fafe turmi. Na karɓe gatari da gizago, na ce mu haɗu gaban dagaci.

Ranar an tashi da ruwa, gari ya yi sanyi, aka hura wuta tsakiyar zaure da jiƙaƙƙen itace. Zauren ba taga. Su dattawa sun saba, ko tari ba sa yi. Ni kuwa na iso a keke, iska ta riga ta gama da idona. Na faɗi gaisuwa, dagaci ya ce, "Malamin daji, kawo ƙararka."

Na gyara zama, na kafe Danladi da ido ta cikin hayaƙi.

"Ranka ya daɗe, laifin mutumin nan uku ne. Na farko, ya shiga gandu ba izini."

Ido ya ɗau yaji. Ban ƙifta ba.

"Na biyu, ya sare ɗanyar ƙirya."

Na ji wani ɗumi ya gangaro kuncina. Duk da haka ban ƙifta ba, doka doka ce.

"Na uku..."

Ai ban kai na ukun ba. Hawaye shar-shar, ido biyu, suna ɗiga a kan kakin da na goge. Hanci ma ya shiga sahu, na ja majina. Hayaƙi ya shaƙe mini murya.

Wani tsoho ya ce, "Subhanallahi. Malamin daji kuka yake yi."

"Ba kuka nake ba," na ce, da irin muryar da ko yaro ya ji ya san ta mai kuka ce.

Danladi ya rarrafo ya kama ƙafata. "Malam, don girman Allah ka daina. Ni na yi laifi, ni ya kamata in yi. In ka ci gaba ni ma zan fara, nawa kuwa ba shi da kyan gani, tambayi matata."

Dagaci ya dube ni, ya girgiza kai. "Tun da nake zama a zauren nan ban taɓa ganin mai ƙara ya yi wa wanda ya kawo kuka ba. Aiki ne ya tilasta masa, zuciyarsa ba ta so. Danladi, ka ci albarkacin hawayen nan. Ka dasa wasu a madadinta, kada ka sake. A ba shi gatarinsa."

Na fito ina laluben keke, dattawa na bina da "Allah ya yi maka albarka". Da zagina suka yi da ya fi mini sauƙi.

Da yammar nan sai ga Danladi da kwanon tuwon dawa da miyar kuka. Bai jira izini ba ya zauna a tabarmata. "Maiɗakina ta ce in kawo. Ta ce mutumin da ke cin girkin kansa dole ya yi kuka." Na buɗe baki in karanta masa doka ta farko, ƙamshin daddawa ya riga ni. Na ci. Ya yi ta zuba surutu har magariba, ni ina sauraro, fuska a ɗaure, amma ban ce ya tashi ba.

Daga nan abin ya bazu. Tsofaffin mata suka fara tare ni a hanya: "Sannu ɗana, kewar gida ce, za ta wuce." Wani Bafulatani ya kawo mini ƙwaryar nono, ya ce labari ya kai ruga. Yara suka daina gudu, har da masu tura mini keke a hawa. Danladi kuwa kullum yamma yana tabarmata.

Sai dai in na shiga gandu ina ganin sababbin kututture. Yau nan, gobe can. An daina tsorona.

Na hau keke har Birnin Gwari wurin malamin asibiti. Ya ɗaga fatar idona, ya haska, ya ce, "Bushewar ido ce."

"Bushewa? Malam, idon da ya jiƙa mini kaki?"

Ya yi dariya. Ya ce hawayen da ke riƙe ido yana da ɗan maiƙo a samansa, daga wasu ƙananan kafofi a bakin fatar ido yake fitowa. In suka toshe, ruwan sai ya yi ta ƙafewa, ido ya ji zafi ya kwararo da tsinkakken ruwan da ba ya zama. Hayaƙi na ƙara shi, da iskar keke, da shekaru. "Ƙiftawa kuma ita ke shafa maiƙon. Kana ƙiftawa sosai?"

Na ce masa gwargwado.

Ya tsara mini magani, abin da ya burge ni ke nan. Na farko, in dinga ɗora tsumma mai ɗumi a ido safe da yamma, in goge bakin fatar. Na biyu, tabarau in zan hau keke. Na uku, in nisanci hayaƙi, in bar kwalli da sabulu. Na huɗu, in sha ruwa, in ci kifi da ganye. Ya ce in sa a sayo mini maganin ɗigawa a Kaduna. Ba ya warkewa kwata-kwata, in ji shi, amma yana lafawa.

Ya kuwa lafa. Saura gandu. Da malamin asibitin ya zo ƙauyenmu yin lamba, wato rigakafi, na roƙe shi ya maimaita bayanin nan gaban dagaci da jama'a. Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya yi bayani tiryan-tiryan, ni ina tsaye gefe da tabarau ina gyaɗa kai.

Tsohon nan na zaure ya ce, "Ashe ciwo ne."

Shi ke nan. Sabon kututture bai ƙara bayyana ba. Ƙwaryar nono ma haka. Yara suka koma gudu. Danladi ya zo sau ɗaya, ya tsaya daga nesa ya gaishe ni da hula a hannu, ya wuce dandali. Na samu abin da na nema cif. Na koma ƙofar ɗaki da dafa-dukana, idona garau, ina ganin hanyar da ba mai biyowa.

Da aka ɗauke ni zuwa wani gandun, Danladi kaɗai ya zo bakin mota, shi ma don direban ya kira shi ya taya ɗaure kaya. Ya ɗaure kekena tam, ya miƙo mini wani ɗan turmin dakan yaji. "Na maiɗakinka. Kada ka damu, Malam, busasshen itace ne."

Na karɓa. Hawaye suka zubo. Ba hayaƙi a wurin, motar ma ba ta tashi ba balle iska.

Danladi ya leƙa fuskata, ya juya wurin direba. "Ba komai, ciwo ne, malamin asibiti ya yi mana bayani." Ya dawo kaina. "Malam, sa tabaranka."

Na sa.

Darasin da na ɗauka biyu ne. Na farko, ka dinga ƙifta ido, Allah bai yi fatar nan don ado ba. Na biyu, in mutane suka yi kuskure suka ɗauka kana da tausayi, ka sha maganinka a ɗaki, kada ka kawo musu shaida.