Rufin Injiniya Munzali

Allah Ya yi wa Birnin Gwari baiwa da daji, da ƙasar noma, sannan Ya ƙara mata da Injiniya Munzali Bakoji. Kada wanda ya kuskura ya ce masa kafinta. Kafinta shi ne mai gyaran ƙafar benci. Shi kuwa Munzali, tun da ya je Kaduna ya yi kwas na kwana goma sha ɗaya ya dawo da hular kwano ruwan ɗorawa, ya tashi daga sahun masu riƙe guduma ya koma sahun masu nuni da yatsa.

Hular ba ta barin kansa sai zai yi alwala. Tef ɗin awo na rataye a ƙugunsa ko da gaisuwar mutuwa ya je. 'Yan majalisar mai shayi suka raɗa masa Farfesan Kwano, ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta a bayan babur ɗinsa.

Babban abin da ya kawo mana daga Kaduna shi ne sunaye. Mu jahilai da, katako muka sani. Ashe wanda ya miƙe daga bango zuwa ƙololuwa rafta ne. Wanda ya gitta a kansa, falin. Allon gaba, feshiya. Kwanon da ke rufe tsakiyar sama, rij. Shekara da shekaru muna kwana a ƙarƙashinsu ba mu san sunansu ba, abin mamaki kuma ba su taɓa faɗo mana ba.

Ana gab da damina Hajjo ta nemi mai yi mata rufi. Dattijuwa ce da rashin zaman lafiya ya taso daga Dogon Dawa. Ta zo gari da jikoki uku da buhun masara tara, abin da ta iya tsira da shi ke nan. 'Yan'uwa suka tayar mata da ɗaki biyu na bulo, saura rufi. Wa za a kira in ba gwani ba?

Munzali ya iso, ya zagaya ginin sau uku, ya yi tsaki irin na masana.

"Inna, kin yi sa'a. Zan ba ki fich, wato gangaren rufi, na digiri talatin da biyar, da obahan mai faɗi, wato bakin kwanon da ke zarce bango, ruwa ya riƙa sauka cikin tsari."

"Ni dai ɗan nan, kada masarata ta jiƙe," in ji Hajjo.

"Wannan ƙaramar magana ce."

Rana ta uku Malam Mu'azu ya biyo ta wurin. Tsohon kafinta ne, rabin rufin unguwar aikin hannunsa ne, bai san ko harafi ɗaya na boko ba. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce, "Munzali, ban ga ka ɗaure katakon nan da bango ba. Sa masa langa-langa. Iskar da ke fitowa daga dajin nan ba ta da kunya."

Injiniya ya yi murmushin tausayi. "Baba, zamaninku ne ake ɗaure rufi kamar akuya. Yanzu akwai abin da ake kira ded lod. Nauyin rufin shi ke riƙe kansa. Kimiyya ce, ba na ce lallai ka gane ba."

Malam Mu'azu ya ce Allah Ya ba da sa'a, ya wuce. Fankam fankam dai ba shi ne kilishi ba.

Gaskiya rufi ya yi kyau. Kwano shuɗi, yana ƙyalli har daga bakin titi. Ranar Alhamis bayan la'asar Munzali ya tara maƙwabta don abin da ya kira miƙa aiki. Hajjo ta riga ta shigar da buhunanta ta jera. Hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, amma Injiniya ya hau kan bulo ya gyara murya.

"Jama'a, abin da kuke gani sunansa gebul. Wancan na tsakiya kin-fos, wato sarkin ginshiƙai. Rufi irin wannan garantinsa shekara hamsin, ko guguwa—"

Guguwar ba ta bari ya ƙarasa gabatar da ita ba. Ta shiga ta ƙarƙashin obahan ɗin nan mai faɗi, ta ɗaga. Rufin ya tashi ɗungurungum, da raftansa da falin ɗinsa da sarkin ginshiƙansa, ba wanda ya saɓa wa ɗan'uwansa. Ya tsallake katanga, ya tsallake gonar rogo, ya sauka a fili kusa da shanun wani Bafulatani, Bappa, suka watse. Sai ruwa ya kece.

Mata suka yi ta salati. Maza suka ruga suna kinkimo buhuna zuwa zauren Malam Mu'azu. Shida suka tsira. Uku sun sha ruwa har ƙasa. Hajjo na tsaye a tsakiyar ɗakinta, ruwa na dukan kanta, tana kallon sararin Allah ta inda ɗazu akwai digiri talatin da biyar.

Injiniya bai ɗauki buhu ba, hannunsa na riƙe da hula. Amma bai bar mutane cikin duhu ba.

"Wannan shi ake kira oflif," in ji shi da ƙarfi. "An koya mana shi a rana ta tara. Ku lura, ko ƙusa ɗaya ba ta fita ba. Rufin lafiyarsa ƙalau, gini ne bai bi shi ba."

Hajjo ta share fuska da gefen mayafi. Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Injiniya, wannan da ke zuba a kaina fa, me kuke ce masa a Kaduna?"

Ko a nan bakin bai iya yin shiru ba. "Likej, Inna. Wato yoyo."

"A'a, ɗan nan, kada ka yabi kanka," in ji Hajjo. "Yoyo ai sai ɗakin da ke da rufi."