Sakataren Alhaji Makau

Anka ta yi manyan mutane, amma ba ta taɓa yin kamar Alhaji Makau ba. Shekara uku da suka wuce haya yake yi da babur tsakanin Anka da Abare. Ran nan ya bi 'yan haƙo cikin rami, ya fito da zinari, sai ilimi ya sauko masa yini guda, har da na sanin zuciyar tsuntsaye. Mu matan unguwa Farfesa muke ce masa, kuma yana amsawa.

Farfesa ya sayo aku daga Gusau, ruwan toka mai jan wutsiya, ya sa masa suna Sakatare. Da hantsi tsuntsun yana kiwo a tsakar gida, da la'asar a ɗora shi kan sanda a zaure ya halarci majalisa. Idan ya kaɗa kai sama da ƙasa, ya amince. Idan ya girgiza, magana ta mutu. Duk tsohuwar da ta taɓa kiwo ta san tsuntsu yakan kaɗa kai don yana son abinci, yakan girgiza don ƙara ko ƙura ta dame shi. Amma mu ba mu shiga rami ba.

"Ku tsuntsu kuka gani," in ji Farfesa ga 'yan majalisa. "Ni hwa shawara nika gani. Wanga kai da shika motsawa ya hi kawunanku duka aiki."

Suka ce haka ne, suka ci gaba da cin tsirensa.

Wani babban tunani na Farfesa shi ne kafa injin niƙan dutse a tsakar gidansa, don kada ɓarayi su taɓa masa ko tsakuwa. Ƙura ta rufe tukwane da randa da tabarma. A cikinta 'yarsa Zinatu, mai shekara ɗaya da rabi, take rarrafe tana kai hannu baki. A lokacin kuwa ƙauyukanmu suna ta binne yara saboda gubar dalma da ke cikin irin wannan dutsen. Ƙanensa Ɗanjuma ya ce a mayar da injin bayan gari. Sakatare ya girgiza kai, aka sallami Ɗanjuma da nasiha kan hassada.

Sai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Naja'atu, ta zo har zaure. Ta ce a fitar da injin, a kankare ƙasar gidan, a kai yarinyar gwajin jini. Tun kafin ta rufe baki Sakatare ya shiga girgiza kai, bai tsaya ba.

"To, Malama, kin gani da idonki," in ji Farfesa, yana gyara hula. "Ba ni na ƙi ba. Kwana huɗu ke nan duk abin da anka kawo mai, ba shi yarda. Ɗiyata lahiya lau take, haƙora taka yi."

Malama ta matsa ta duba tsuntsun. Fikafikai sun saki, gero na nan a kwano bai taɓa ba, ƙafa ɗaya ta kasa riƙe sanda.

"Alhaji, wanga ba gardama shika yi ba. Ciwo gare shi. Ƙasar da ɗiyarka taka ci, ita shika tsattsaga."

Farfesa ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo kan 'yan boko da ba su son ganin talaka ya samu. Yana tsakiyar bayanin yadda zinari ba ya cutar mai shi, Sakatare ya faɗo daga sanda, ya yi ta shure-shure a ƙasa. Farfesa ya ce gajiyar aiki ce.

Matarsa Barakatu tana bayan ƙofa, ta ga komai. Ba ta yi sakandare ba, ba ta karanci tsuntsaye ba. Ta goya Zinatu, ta ratsa zauren a gaban maza.

"Ina za ki ba izini?"

"Asibiti, Alhaji. Ka tambayi Sakatare in ya tashi."

Bai tashi ba. Yarinyar kuwa an sami dalma a jininta, ta yi makonni tana shan magani, Allah ya yi da sauran kwananta. Barakatu ta wuce gidan innarta a Gummi, ta aiko cewa ita da injin ba za su sake kwana gida ɗaya ba. Farfesa ya jure wata guda yana cin abincin kasuwa, sannan ya sa aka fitar da injin, aka kankare gidan.

Yanzu idan ka bi ta zaurensa za ka ji yana bayanin yadda shi ne ya fara gano gubar dalma a ƙasar Anka, cewa da gangan ya sayo tsuntsun don bincike, kuma ya kamata hukuma ta karrama shi. Masu saurare sukan sunkuya suna girgiza kai. Su kam an gwada jininsu, lafiyarsu ƙalau.