Tazarar da Ke Tsakanin Sha da Fa

Ko da zan manta da duk abin da aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka ba mu takardar shaida ba. Har yau in na tuna, sai in ji hannuna ya kai kan kumatuna da kansa.

Shekarata arba'in da bakwai a lokacin. Ina noma, ina kuma da injin niƙa a bakin kasuwar garinmu, can cikin ƙasar Bukkuyum. Matata Hajara ce ta sa na shiga ajin manya. Ita ta matsa mini, ita ta ɗinka mini jakar littafi da ragowar atamfa. Duk ranar da ba mu da aji, bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, ta zauna tana tsince wake, ni ina haɗa baƙi da wasali da ƙarfi. Ba ta san boko ba, allo kawai ta yi a gidan mahaifinta, amma in na yi tuntuɓe kunnenta yakan kama. Sai ta ce, "Malam, wanga bai yi kama da magana ba. Sake." In sake. Haka muka yi shekara ɗaya da rabi har na zama na ɗaya a aji. (Mu goma sha huɗu ne, uku ma ba su cika zuwa ba, amma na ɗaya dai na ɗaya ne.)

Ana cikin haka sai kuraje suka feso mini a fuska. Ba 'yan ƙanana ba, manya masu zafi da ruwa, a kumatu da haɓa har cikin gemu, irin na samari masu tashen balaga. Ni da na aurar da ɗiya biyu! Akwai Bube a ajinmu, Bafillacen da muke wasa da shi tun muna matasa. Kullum sai ya leƙa fuskata ya ce, "Kaɗo, sai yanzu kaka balaga? Barka! Bari in gaya ma Innarka ta hwara shiri." In yi murmushi in ƙyale shi.

Ba abin da ban gwada ba. Na shafa lemun tsami. Na shafa man goge haƙori. Na dirje da sabulun salo har fatar ta yi raɗaɗi. Wani mai tallar magani a kasuwar Nasarawa Burkullu ya ba ni wani mai a kwalba, kwana huɗu suka kwanta, a na goma suka dawo har da danginsu. In na gaji sai in matse su da farce.

Ina cikin wannan hali malaminmu, Malam Sani, ya ce saura wata guda a yi bikin ba mu shaida, kuma ni zan karanta jawabin godiya a madadin aji. Za a kafa rumfa, za a kawo lasifika, za a ɗauki hoto. Na dubi fuskata a madubin babur, washegari na tafi ƙaramin asibitin garinmu.

Jami'in lafiyar da ke wurin, wanda duk muke ce wa Likita, ya duba ni da kyau. Ya ce ba ni kaɗai ba ne, manya ma suna yin irin kurajen nan, kuma ƙura da baƙin man inji ba su taimaka mini. Ya ce in jefar da man kasuwar nan, irinsa yakan kwantar da su ne kwana kaɗan sannan ya ƙara tsananta su. Ƙananan kuraje man shafawa na asibiti ya ishe su, amma nawa sun kumbura sun yi zurfi, don haka zai ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na wasu makonni. Ya zuba kafso a wata 'yar farar ambulan, ya ce, "To Baba, saurara ka ji yadda za ka..."

A nan na ɗaga masa hannu. (Akwai matan unguwarmu uku a kan benci a bayana, kuma ina so su ji.)

Na ce, "Likita, kada ka wahal da bakinka. Rubuta mini kawai. Na iya karatu."

Ya ce, "Masha Allah!" Ya ɗauki biro ya rubuta da manyan baƙaƙe, da Hausa, yana matse su don ambulan ɗin ƙarama ce. Na karɓa na sa a aljihu, na fito ina tafiya kamar wanda aka naɗa wa sarauta.

Da la'asar, a kan tabarma, na fito da ita na karanta wa Hajara gaɓa-gaɓa: "A sha-fa kul-lum. Ɗaya bayan cin abinci, da ruwa mai yawa." Na ce to, shafawa ake yi. Abin bai ba ni mamaki ba, domin tun muna yara mun ga ana ɓare kafso a barbaɗa garin a kan miki.

Hajara ta tsaya da tsintar wake. "Malam, in shahwa ne, mi ya haɗa shi da cin abinci?"

Na ce, "Likitoci sun san dalilinsu."

"Ruwa mai yawa hwa?"

"Jiƙawa za a yi."

"Ni dai wanga bai yi mini kama da magana ba. Sake dubawa. Ko ka koma gobe ka tambaye shi, ai ba nisa."

In koma? Bayan abin da na faɗa a gaban matan unguwa? Raina ya ɓaci, sai na ji bakina ya ce, "Ke da ba ki san ko baƙi ɗaya na boko ba, ke za ki gyara mini karatu? Ki tsaya ga wakenki."

Ta tattara waken a faifai, ta shiga ɗaki. Washegari da la'asar babu tabarma a gindin darbejiya. Jibi ma haka. Na lura, amma na yi kamar ban lura ba. Na ce ai yanzu na wuce a riƙa saurarona.

To ni mutum ne mai bin doka. Kullum in na gama cin tuwo sai in ɓare kafso ɗaya, in zazzage garin a ƙwarya, in cika ta da ruwa (an ce mai yawa), in wanke fuska, in zauna ya bushe. Garin rawaya ne, yakan maƙale a gemu da gira. Bube ya dube ni a aji ya ce, "Kaɗo, cikin buhun garin ɗorawa kaka kwana?" Kurajen kuwa sai ƙaruwa suke yi. Na ce wa kaina magani ne ke aiki, yana fito da cutar waje. Hajara ce take wanke ƙwaryar kullum, ta kife ta a inda zan gani.

Ranar biki ta zo. An kafa rumfa a filin makarantar firamare da hantsi. Manyan gari suna gaba a kan kujeru, Likita yana cikinsu. Mata suna gefe guda a baya, na hango Hajara cikin shuɗin hijabinta. Na sa babbar rigata, na karɓi makirfo, na karanta jawabin tun daga bisimilla har ƙarshe ba tuntuɓe ko ɗaya. Aka tafa. Malam Sani yana ta gyaɗa kai. Da na zauna a lokacin, da shi ke nan.

Amma tafin ya yi mini daɗi. Sai na sa hannu a aljihu na zaro ambulan ɗin. Na ce, "Jama'a, ga shaida. A da in an ba mu magani sai mun nemi mai karanta mana. Wannan kuwa, ga Likita nan zaune, ko bayani ban bari ya yi mini ba. Da kaina na karanta: a shafa kullum, da ruwa mai yawa. Kuma kullum sai na jiƙa na shafa."

Na ga Likita ya miƙe a hankali. Ya zo kusa da ni ya rage murya, amma makirfo na hannuna, daidai bakinsa.

"Baba, shafawa kake yi?"

"Kwana ashirin da shida, ban tsallake ko ɗaya ba."

"Innalillahi. Baba, sha na ce. A sha, fa. Na san mutanenmu sukan sha kwana uku su bari, shi ya sa na ƙara fa ɗin."

Ya ɗora farcensa a kan takardar. Na duba. Tsakanin SHA da FA akwai ɗan fili, bai fi ƙwayar gero ba, amma yana nan. Darasin ma an yi mana shi tun watan farko, Malam Sani yakan ce mu sa yatsa tsakanin kalma da kalma.

Sai muryar Bube ta tashi daga layinmu: "Wata guda Kaɗo na ba gemu magani!" Shi ke nan. Dattawa suka rufe baki da hannun riga, 'yan ajinmu har da masu dukan cinya. Malam Sani ya tsura wa takalminsa ido. Ni kuwa ina tsaye riƙe da makirfo da ambulan, ga mai hoto yana ta aikinsa.

Duk wannan na iya jurewa. Abin da ya karya ni shi ne da na dubi wajen mata. Kowa na dariya ban da Hajara. Ta sunkuyar da kai, ta ja hijabi ta rufe fuska, kamar ita ce ta yi kuskuren.

Washegari na koma asibiti. Wannan karon na haɗa hannuwana a cinya, na ce Likita ya faɗa da baki, ya kuma maimaita. A haɗiye, kada a kwanta nan take, a rage zama cikin rana, kada a ba kowa, balle mai ciki, kada a sayi ƙari a kasuwa in ya ƙare, a dawo ya duba. Ya haɗa mini da man shafawa na gaske, wanda zan ci gaba da shi bayan an tsayar da kafson. Cikin wata biyu kurajen suka kwanta. Amma watan da na ɓata ya bar mini baƙaƙen tabo da 'yan ramuka a kumatun hagu, ya ce wataƙila ba za su tafi duka ba. Ba su tafi ba.

Ranar da na dawo da sabuwar ambulan, bayan na ci tuwo, Hajara ta kawo moɗa cike da ruwa ta ajiye a gabana, ta ɗora kafso ɗaya a tafin hannuna. Ta ce, "Malam, a sha hwa."

Na haɗiye. Na ce ta yafe mini maganar da na gaya mata. Ta ce, "Ai na yahe tun ranar."

Na yarda ta yafe. Bayan girbi ma tabarmar ta dawo gindin darbejiya. Sai dai yanzu in na yi tuntuɓe a karatu ba ta cewa sake. Hannunta yakan tsaya a cikin waken, in san ta ji, amma sai ta ci gaba da tsintarta. Sai na juyo na tambaye ta sannan ta faɗa. Shekara biyu ke nan ina jiran ta katse ni da kanta.

Takardar shaidar tana rataye a ɗakina. Ambulan ɗin kuwa tana cikin jakar atamfa, ban jefar ba. Abin da na koya shi ne, wurin da babu baƙi ko ɗaya ma karanta shi ake yi, kuma a gidanmu wadda ba ta shiga aji ba ita ta fara ganinsa.