Yadda Za Ka Je Wasan Rok Ranar Asabar Ka Rera Waƙar Coci Ranar Lahadi

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan kai mutumin Shillong ne, garinmu na ƙasar Indiya, ka haura arba'in, gwiwarka ta fara ƙara a kan matakala amma har yanzu kana ɓoye baƙar riga mai hoton ƙoƙon kai a ƙasan akwati, to darasin nan naka ne. Zan koya maka yadda za ka je wasan kiɗan rok da abokanka ranar Asabar, ka wayi gari Lahadi muryarka garau, ka tsaya gaban coci ka rera waƙa har tsofaffi su share hawaye. Sakamako tabbas ne. Hanyar nan mutum ɗaya kacal ta taɓa ba wa kunya, kuma mutum ɗaya ne ya taɓa gwada ta. Shekara ashirin da shida ina bin filayen kiɗa na garin nan, rabin kunnena na hagu ma a can na baro shi, saboda haka ka san da gwani kake magana.

Mataki na 1: Ka samo abin da za ka yi asararsa

Wanda ba shi da abin yi ranar Lahadi ba ya bukatar ilimina, ya je ya yi ta ihu har maƙogwaronsa ya tsage. Kai sai ka fara nemo abu mai nauyi.

Ni ga nawa. Na auri Ibanri, autar gidansu, don haka kamar kowane mai auren auta a al'adarmu, ni na kwashi kayana na tare a gidan uwarta da ke Mawlai. Shekara goma sha huɗu ke nan ina cin shinkafar surukata Kong Drimsila, ina kiranta Kiaw, wato suruka a harshenmu, kamar yadda suruki mai tarbiyya ke yi, ita kuma tana kallona kamar kujerar da aka kawo gidan ba a tambaye ta ba. Ba ta taɓa zagina ba. Idan baƙi suka zo sai ta nuna ni da haɓa ta ce mijin Iba ne, shi ke nan an gama tarihina.

Marigayi mijinta yana da wata waƙa da yake rerawa shi kaɗai a cocinmu duk Lahadin godiyar girbi, shekara talatin ba fashi. Tun da ya rasu, shekara huɗu da suka wuce, ba wanda ya taɓa ta. Bana, ba tare da ta shawarci kowa ba, Kiaw ta ɗauki laimarta ta je wurin Bah Klensing, shugaban mawaƙanmu, ta ce a ba mijin Iba. Ni da nake layin baya a murya ta uku, inda ake ajiye waɗanda ake jin nauyin kora. Da labarin ya iso ni sai da na kulle kaina a banɗaki na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Wata biyu na yi ina bita.

Samo irin wannan. In ba ka da suruka, ara.

Mataki na 2: Ka ƙi zuwa, a gaban shaidu

Abokanka za su zo. Nawa biyu ne: Kyrshan bakanike, wanda ya taɓa kiɗa wa wata ƙungiya ganga na wata uku muna samari kuma har yau bai gama ba da labarin ba, da Teibor malamin lissafi. Suka same ni a shagon shayi da tikiti uku. Ƙungiyar da muke tsallake katangar makaranta dominta ce ta sake haɗuwa za ta yi wasanta na ƙarshe, karo na huɗu ke nan da take yin na ƙarshen. Ranar kuwa Asabar, jajiberin godiya.

Ka ce a'a da ƙarfi, har mai shayi ya juyo. Wannan a'ar za ta yi maka amfani nan gaba, ranar rabon laifi.

"Kai Don, wa ya ce ka buɗe baki?" in ji Kyrshan, da yake Don ake kirana, bakinsa jawur da goron nan namu da ake naɗewa a ganye. "Kunne za ka kai, ba maƙogwaro ba. Ka tsaya can baya kamar ɗan sandan ciki, mu mu yi maka ihun. Ko tsohuwar ta fara ɗaure ka a ƙafar gado ne?"

Teibor ya ciro biro ya nuna mini a bayan tikiti cewa mai unguwa zai sa a kashe kiɗa ƙarfe goma, coci kuma sai goman safe, wato sa'a goma sha biyu cur ta hutun murya. Mutum ba ya jayayya da malamin lissafi.

Mataki na 3: Ka fita daga gida da mutuncinka

Ƙarya mai kyau ita ce wadda ta yi kama da ladabi. Ka ce wa suruka za ka je gidan Teibor ka hutar da murya, saboda yaran gidan nan suna yawan sa ka magana. Ka sa baƙar rigar a ƙarƙashin rigar sanyi. Za ka ji ta matse ka. Rigar ce ta tsuke a akwati, ba kai ka yi tumbi ba.

Matarka za ta kalli wuyan rigar da ya leƙo, ta yi maka fatan isa gidan Teibor lafiya, da wata irin murya. Kada ka tsaya fassara. Kada kuma ka damu wai direban tasin da ya ɗauke ku dangin matarka ne. A garin nan kowa dangin matarka ne.

Mataki na 4: Ka tsaya can baya

Wajen masu sayar da jan shayi ne wurinka. Ruwa zai sauko, domin ba a taɓa wasa a filin nan sama ta yi haƙuri ba, kuma taɓo zai karɓi takalminka ya ba ka aron nauyi. Ka dage. Sai dai Kyrshan zai ce a ɗan matsa kaɗan don ya ga hannun mai ganga, tumbinsa zai buɗe muku hanya, jama'a su rufe bayanku. Ba za ka san yadda aka yi ba sai ka gan ka a gindin lasifikar da ta fi gidan surukarka tsawo. Wannan ba laifinka ba ne, ƙaddara ce mai tumbi.

Mataki na 5: Ka yi shiru

Nan ne gwanintar take. Sa'ar farko na yi abin yabo. Mai jita ya fito da furfura har kafaɗa da tabaran karatu a rataye a wuya. Ganga ta fara dukan ƙirjina. Iyayen yara suna ta kaɗa kai da ƙarfi, suna watsa gashin da ya bar su tun shekara goma. Teibor, wanda ɗalibansa ke tsoron tarinsa, yana tsalle yana kaɗa jitar da babu ita a hannunsa. Ni kuwa na cije leɓe, na rungume hannu, ko uffan. Har tausayin sauran na fara ji.

Sai aka sassauta kiɗa, aka ɗauko waƙar nan mai sanyi da muka yi samartaka da ita, mawaƙin ya juya abin maganarsa wajen jama'a don su amsa.

An ce a wasu garuruwa idan aka yi haka mutane kuka kawai suke yi kamar karnuka. Mu ba haka muke ba. Duk wanda ke tsaye a taɓon nan ɗan ƙungiyar mawaƙan wata coci ne, ko ya taɓa zama, ko uwarsa ta dake shi don ya ƙi zama. Ba wanda ya ba da umarni, amma dubban mutane suka rabu murya huɗu. Mata suka ɗauki sama, Teibor da ire-irensa suka riƙe ƙasa.

Matsalar ita ce wasu mutum uku da ke damana. Murya ta uku suke yi, tawa, kuma sun sauka ƙasa da inda ya kamata. Kaɗan ne, kamar miyar da gishiri bai ji ba. Na daure. Na harare su. Na ɗaga yatsa sama don su hau, suka ɗauka gaisuwa ce suka ɗago mini nasu.

To a nan ka buɗe baki ka ba su sautin, sau ɗaya tak. Wannan ba ihu ba ne, hidima ce.

Na ba su. Suka hau. Na kusa da su suka karkato kunne, su ma suka biyo. Kafin a kai amshi na biyu maza kusan arba'in suna kallon bakina, inda na hau su hau, inda na sauka su sauka. Ɗan'uwa, shekara goma sha huɗu ko kazar gidanmu ba ta taɓa bina zuwa ƙofa ba. Wa zai bar mutum arba'in marayu a tsakiyar waƙa? Aka koma masu zafi, na ci gaba da ja musu gora, ina gasa da lasifika, ruwa yana shiga bakina, har sa'a ɗaya da rabi. Kyrshan ya rungume ni yana kuka yana cewa yau na zama mutum. Wallahi na ji daɗi, daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba.

A tasi na buɗe baki zan ce a sauke ni a kwana, sai iska ta fito.

Mataki na 6: Ka sha magani

Citta, zuma, ruwan gishiri, turirin tukunya da bargo a ka. Kyrshan zai rantse da ɗanyen ƙwai, Teibor zai tuna maka cewa lissafinsa daidai ne, kai ne ka canza tambayar. Ka haɗa duka ka sha. Da safe ka gwada murya a banɗaki, za ka ji wani abu kamar ƙofa mai tsatsa. Alamar sauƙi ce.

Iba ta tsaya a bakin ƙofa ta ce in je in faɗa wa uwarta tun yanzu, ko ita ta faɗa. Na haɗa hannu ina roƙonta da ido. Saura sa'a uku, murya kuma takan dawo bagatatan, kowa ya san wani da hakan ta faru da shi.

Idan suruka ta yi maka magana, ka nuna maƙogwaro ka girgiza kai, wato tanadin murya kake yi. Kiaw ta ga haka ta gyaɗa kai, ta ce haka marigayi yake yi. Ta shiga ɗaki ta fito da kwat ɗinsa mai ruwan toka, ta goge ta tun jiya, ta riƙe mini ita na zura hannu. Ta gyara mini kafaɗa da kanta. Lokacin ne ya kamata ka faɗi gaskiya, saboda haka kada ka faɗa.

Mataki na 7: Ka tsaya gaban jama'a

Coci cike, gaban bagade an jera dammunan shinkafa da lemo da kabewa. Kiaw tana layi na biyu da 'yan'uwanta mata da ta gayyato daga ƙauye. Kyrshan da Teibor suna can kusa da ƙofa, inda jarumai ke zama.

Bah Klensing ya ɗaga hannu. Mai molo ya buɗe waƙar, ya iso inda zan shiga. Na ja numfashi, na buɗe baki. Babu. Ya sake zagayowa, a hankali, kamar mai jiran tsoho ya hau mota. Na sake buɗewa, wani ɗan fito ya fita, wani yaro ya yi dariya aka toshe masa baki.

A irin wannan hali 'yan murya ta uku ne ke ceton mutum, su shigo a hankali kamar dama haka aka tsara. Na waiwaya. Su shida duk sun sunkuyar da kai, huɗu daga cikinsu da busasshen taɓo a takalmi. Ashe cikin marayun da na ja wa gora jiya har da namu.

Mai molo ya fara zagaye na uku. Sai wata murya ta taso daga layi na biyu, siririya, tana rawa, ba ta kai sama ba. Kiaw ce. Ba ta tashi tsaye ba, ba ta kalle ni ba. Tana zaune da jakarta a cinya ta rera waƙar mijinta tun daga fari har ƙarshe, baiti huɗu, numfashinta yana yankewa a tsakiyar layi tana kamo shi. Ni kuma ina tsaye a gaba cikin kwat ɗinsa, bakina a rufe. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba na fatan ta ga maƙiyina.

Mataki na 8: Ka riƙe mata laima

Hanyar gida hawa ce, kuma za a yi yayyafi. Ka shirya wa faɗa. Faɗa abu ne mai kyau, ana yinsa a gama.

Iba ta yi gaba da yara. Muka rage ni da Kiaw, ina riƙe mata laima, tana tafiya a hankali. Ba ta tambayi inda na je ba, direban tasi ya riga ya sauke wannan nauyin tun kafin a shiga coci. Sai da muka kusa ƙofa ta tsaya ta huta.

"Donbok," ta ce. Ban san ma ta riƙe cikakken sunana ba. "Da ka faɗa mini da safe, da na sha ruwan ɗumi na ɗan gyara murya. Shekara talatin ba a taɓa jin waƙarsa a karkace ba, sai yau, a bakina."

Ta karɓi laimarta ta shige.

Gargaɗi

Mai wannan darasi ba shi da alhakin komai. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa murya, ko takalmi, ko wurin zamansa a teburin cin abinci, to ya tuhumi Kyrshan, ko ruwan sama, ko mutum ukun nan da ba su iya riƙe sauti ba. Akwai mai shayin da zai shaida cewa tun farko na ce a'a. Ba a karɓar ƙorafi, ba a mayar da tikiti. Murya takan dawo ranar Laraba, tawa ma ta dawo garau. Abin da mutum zai ce wa tsohuwar bayan muryar ta dawo ne ba ya cikin darasin nan, domin yau wata uku ke nan ina kai mata jan shayinta kullum da safe, ina tsayawa a bakin ƙofa, kuma har yanzu ban samo shi ba.