Na'urar Auna Ƙura a Cikin Leda

Jama'a, ku matsa mini in zauna, dariya ta gama da haƙarƙarina. Jiya na je kamfanin fenti kai wa Autana maganin tarin da ya manta a kan taga, sai na faɗa tsakiyar bikin auna iska. Biki fa sosai, har da rumfa da kujerun haya.

Auta dai suna ne kawai, 'ya'yansa uku, kuma shekararsa tara yana juye buhunan garin fenti a injin haɗawa. Wata shida ke nan yana tari kamar tsohon babur. Maƙwabciyata, tsohuwar nas, ta ce mini, "Iya, ba irin ƙurar da kike sharewa ba ce. Akwai wata 'yar mitsitsiya da ido ba ya gani, gashin hanci ba ya tare ta, sai ta zarce can ƙasan huhu ta shimfiɗa tabarma."

Na ce, "To wannan baƙuwa marar sallama wa ke kama ta?"

Ta ce akwai na'ura kamar ƙaramar rediyo, ana maƙala wa ma'aikaci a wuyan riga, ta yini tana shaƙar abin da yake shaƙa. In ta nuna ƙurar ta yi yawa, dole masu kamfani su sa fankar da ke zuƙe ta waje. Tun ranar, fankar nan ta shiga addu'ata.

To jiya a wajen bikin, sai ga Mai Girma Babban Mai Kula da Numfashin Talakawa, da motoci biyar. Huɗu na rakiya, ɗaya ta na'ura. Ya leƙa ɗakin su Auta, ya ja da baya, ya toshe hanci da hankici.

"Kai! Wannan wuri ai sai ya kashe mana na'ura. Daga ƙasar waje fa ta zo, in ta lalace wuyana za a riƙe. A kawo leda!"

Allah ya ƙara wa bawan nan basira. Aka naɗe ta ninki biyu, aka bi da salatif har bakin da take shaƙa, sannan aka maƙala wa ɗana. Aka tafa. Ni ma na tafa, hannu ne ya riga ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ta ina za ta shaƙa?"

Ya dube ni ta saman gilashi. "Iya, wannan ilimi ne, ba girki ba."

"Ai ko a girki, ranka ya daɗe, sai an buɗe tukunya ake ɗanɗanawa."

Auta ya taka mini ƙafa. "Iya, don Allah. Aikina."

Na ja bakina na samu kujera, tunda an riga an yi haya.

Da la'asar aka kwance ta, fes da ita, ko gumi ba ta yi ba. Auta kuwa ya fito har gashin idonsa shuɗi. Mai Girma ya duba, ya yi gyaran murya, ya ce bai taɓa ganin iska mai tsabta irin wannan ba, ta fi ta ofishinsa. Manaja ya karɓi takardar yabo, aka yi hoto. A hoton an ce Auta ya koma baya, kalarsa tana ɓata tsari.

Fanka? An fasa. Yau da safe ma aka daina raba musu takunkumi, don ai ɓarna ce a rufe hanci a wurin da hukuma ta ce iska tas.

Ɗazu na hau keken ɗinki, na yanka tsohon zanena in ɗinka wa Auta takunkumi. Nas ta leƙo ta katanga ta ce ƙyalle ba ya tare irin wannan ƙura. Na ce na sani, 'yar nan, amma dai na ninka shi uku.

In kun haɗu da Mai Girma ku gaishe mini da shi, ku tambaye shi ya jikin na'ura. Na Auta kada ku wahalar da kanku, an riga an rubuta an buga hatimi: lafiyarsa ƙalau.